Ciwon Maƙogwaro a Lokacin Hunturu: Me Ake Yi a Gida, Yaushe Ake Zuwa Asibiti?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Kano. Duk shekara da zarar hunturu ya kama sai ciwon maƙogwaro ya zagaye gidanmu, ni da yaran, har haɗiyar yawu ta zama aiki. Abin da na saba yi shi ne in aika kemis a sayo mana kafso na kwana biyu ko uku, da mun ji sauƙi mu daina. Bana ɗana mai shekara takwas ya yi ciwon har sau uku, kakarsa kuma ta ce belu ne, a kai shi wurin wanzami a cire. Don Allah me zan iya yi a gida, kuma yaushe ne ya zama dole mu je asibiti?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ku lafiya, ya raya mana yaran. Tambayar taki ta ƙunshi abubuwa uku: yadda ake rage wa mai ciwon maƙogwaro wahala a gida, ko kafson da kike sayowa yana yin wani amfani, sai kuma maganar belu da kakar yaron ta kawo. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ina so ki riƙe tun yanzu cewa ciwon maƙogwaronki da na yaro ɗan shekara takwas ba kallo ɗaya ake yi musu ba, ko da kuwa a mako ɗaya suka kama ku, a ɗaki ɗaya.

Abin da ke kawo shi

Mafi yawan ciwon maƙogwaro, ga manya da yara, ƙwayoyin cutar mura ne ke kawo shi, waɗanda muke kira bairos. Irin wannan ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da yoyon hanci, da atishawa, da tari, da dishewar murya, wani lokaci har da jan ido. Yakan tsananta a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya soma ja da baya, kuma galibi kafin mako ya zagayo ya tafi, an sha magani ko ba a sha ba. Kafson da kike sayowa, wanda aka yi don kashe wani nau'in ƙwayar cuta daban mai suna bakteriya, ba ya kashe bairos ɗin mura. Garkuwar jiki ce ke korarsa, abin da ya rage mana kawai shi ne mu sassauta wa mai ciwon kafin jikin ya gama aikinsa.

Dalilin da ya sa kike ganin sa da hunturu kuwa a fili yake. Iskar da ke kaɗowa daga hamada tun wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu busasshiya ce mai ɗauke da ƙura, kuma yadda take tsaga leɓe ta sa wa diddige faso, haka take busar da fatar cikin hanci da ta maƙogwaro. Hanci ya toshe, mutum ya kwana yana shaƙar iska ta baki, ya wayi gari maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Ga shi kuma saboda sanyi an rufe ƙofa da taga, mutum biyar ko shida suna kwana a ɗaki ɗaya, wanda ya ɗauko mura a makaranta ya raba wa sauran kafin asuba.

Akwai nau'i na biyu, wanda bakteriya ce ke kawo shi, wadda a asibiti muke kira sitiref. A cikin manya masu ciwon maƙogwaro ba ta wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100, amma a cikin yara takan kai kashi 20 zuwa 30, kuma ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Ɗanki yana tsakiyar wannan rukunin, shi ya sa zan dawo kansa a keɓe. Bayan waɗannan biyun akwai ciwon maƙogwaron da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba: wanda ƙwannafi ke jawowa ga mai cin abinci mai nauyi da dare ya kwanta nan take, da na masu aiki da murya irin malaman makaranta da masu wa'azi da masu talla, da na hayaƙi.

Abin da ake yi a gida

Idan ke ce ko wani babba a gidan ya tashi da ciwon maƙogwaro tare da mura da tari, yana iya haɗiye ruwa, numfashinsa kuma lafiya lau, to jinyar gida ta ishe shi. Abin da nake fara cewa a yi shi ne ruwan gishiri. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a motsa ya narke, a guntsa, a ɗaga kai sama a kurkure can cikin maƙogwaro na ɗan lokaci, sannan a tofar. Ana iya maimaitawa sau uku ko huɗu a yini. Ba ya kashe cutar, amma yana wanke majinar da ta manne, yana kuma rage zafi. Kada a ƙara gishirin da tunanin zai fi aiki, domin mai yawa ƙona wurin yake yi. Yaron da bai iya kurkurewa ya tofar ba, wato galibi ɗan ƙasa da shekara shida, a ƙyale shi.

Na biyu shi ne yawan shan ruwa, kuma a nan ne mutanenmu suke sakaci da hunturu, saboda ba a jin ƙishi. Maƙogwaron da ya bushe ya fi zafi. Ruwan ɗumi, shayi, kunu, koko, romo, duk suna taimakawa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Zuma cokali ɗaya, a lasa ko a dama a ruwan ɗumi, tana lulluɓe wurin, tana kuma rage tarin dare ga yara. Sai dai akwai sharaɗin da ba na sassautawa a kansa: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko ɗigo, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai da ƙarfin kawar da ita, wadda gubarta ke shanye jiki har ta taɓa numfashi. Mai ciwon suga kuma ya yi lissafinta cikin abin da yake ci.

Shayin citta da kanumfari da iyayenmu suka saba dafawa ba ni da ja a kansa. Man da ke cikin kanumfari yana ɗan kashe zafi, har likitocin haƙori suna amfani da shi, ɗumin shayin kuma yana kwantar da wurin. Inda ake kuskure shi ne a cika citta da masoro da barkono har mutum ya sha yana hawaye, a ce zafin ne alamar magani yana ci. Fatar da ta riga ta kumbura ba ta bukatar yaji. Haka ma lemun tsami, ɗan matsi kaɗan ya isa, wanda kuma ya ji yana yi masa raɗaɗi ya bar shi. Jiƙon kanwa mai kauri da wasu ke kurkurawa ko su sha, shi kam ba na goyon bayansa ko kaɗan.

Ta wajen abinci, a nemi mai santsi da laushi. Tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko ta kuka ya fi wuce wa mai ciwon maƙogwaro fiye da komai, haka fate da kunun gyaɗa da ayaba. A ɗaga wa ƙuli-ƙuli da kilishi da soye-soye ƙafa na 'yan kwanaki. Abu mai sanyi kuwa, duk da tsoronsa da ake yi, ba shi ne ke kawo ciwon ba, kuma yaro da yawa da ya ƙi kunu mai zafi zai karɓi yogot ko fura da nono mai ɗan sanyi, sanyin ma ya rage masa zafin haɗiya. Abin da na fi damuwa da shi shi ne yaron ya sha wani abu, ba zafinsa ko sanyinsa ba. Alewa mai sanyaya maƙoshi irin Tom Tom ko Strepsils tana sa yawu ya gudana, wannan ma sauƙi ne ga babba, amma kada a ba ƙaramin yaro saboda shaƙewa.

Maganin da ya fi cancanta a ajiye a gida shi ne farasitamol. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, miligiram 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. A lura cewa yawancin magungunan mura da ake sayarwa a haɗe akwai farasitamol a cikinsu, saboda haka wanda ya sha su ya ƙara da farasitamol ya ninka ba tare da ya sani ba, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin. Ibufurofen ma yana aiki sosai idan an sha bayan cin abinci, sai dai ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Sai gyaran ɗakin kwana, wanda sau da yawa ya fi magani tasiri. A cire kaskon turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi daga ɗakin mai ciwon, a ɗaura gidan sauro a madadinsa. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, wannan ya wuce batun maƙogwaro, rai yake ɗauka. A rataya jiƙaƙƙen tawul ko a ajiye roba da ruwa don iskar ta ɗan yi laima, wanda zai hau babur ko adaidaita sahu cikin hazo kuma ya sa takunkumi. Surace yakan buɗe wa babba hanci na ɗan lokaci, amma na ga ƙananan yara da tafasasshen ruwa ya ƙona wa cinya da ciki a wajen surace, saboda haka ba na ba da shawararsa ga yaro.

Maganar kafso

Sauƙin da kike ji bayan kwana biyu ko uku na shan kafso, Hajiya, mai yiwuwa ne ba kafson ya kawo shi ba, lokacin da ciwon zai sauka ne ya yi. Idan bairos ne, an sha maganin a banza, an jawo gudawa ko ƙuraje, an kuma koya wa ƙwayoyin cutar da ke zaune a jiki yadda za su jure masa, ta yadda ranar da ake bukatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Idan kuwa sitiref ce, kwana uku ba su isa ba, zafin zai tafi amma ƙwayar tana nan. Ta kowace fuska aka duba, kafson kwana uku bai biya bukata ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da ake ƙullowa a leda, ƙwayoyi kala-kala babu suna babu kwali, wanda idan aka kawo mini mara lafiya na tambayi abin da ya sha, sai a ce "ja da rawaya guda biyu da wata 'yar fara". Ja da rawayan nan galibi tetirasaikilin ne, wanda ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas ko mai ciki, domin yana ɓata haƙoran da ke tsirowa.

Yaron da ke zuwa makaranta

Duk sa'ad da ɗanki ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ki kai shi wurin haske, ki kunna fitilar wayarki, ki ce ya buɗe baki ya ce "aaa". A tsakiya za ki ga belu yana reto, a gefe biyu kuma, dama da hagu, akwai wasu tsokoki biyu da muke kira tonsil. Abubuwa huɗu nake so ki duba: ko jikinsa da zafi sosai, ko tsokokin nan sun kumbura sun yi ja da ɗigo-ɗigon fari kamar mugunya a kansu, ko akwai kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi idan kin taɓa, sannan ko yana tari da yoyon hanci. Yaron da ciwon ya faɗo masa farat ɗaya da zazzaɓi da kaluluwa da farin ɗigo, amma babu tari babu mura, wataƙila har da ciwon ciki ko amai, shi ne muke zargin sitiref, kuma shi ba na jinyar gida ba ne. Mu kanmu a asibiti ido kaɗai ba ya ba mu tabbaci, akwai gwajin da ake yi ta hanyar shafo maƙogwaro da auduga a kan tsinke, inda babu shi kuma da waɗannan alamomin muke yanke hukunci.

Dalilin wannan tsanantawa ba zafin maƙogwaron ba ne, shi zai wuce ko ba magani. Abin tsoron shi ne abin da kan biyo baya ga wasu yaran bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar, ta juya ta kama gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yaro ya soma zazzaɓi, yau gwiwa ta kumbura, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, a gida a ce sanyin ƙashi ne a yi ta shafa man zafi. Gaɓoɓin suna warkewa sarai, zuciyar ce ba ta mantawa. Na taɓa duba wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka kawo tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai uku, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da na sa abin sauraro a ƙirjinta na ji ƙarar jini yana komawa baya ta ƙofar da ta lalace. Sai da na yi ta tambaya mahaifiyarta ta tuna cewa yarinyar ta sha yin ciwon wuya tun tana aji biyu, kuma kullum kemis ake zuwa. Irin waɗannan yaran allurar fenisilin ake yi musu duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru don kada abin ya ƙaru, wasu matan kuma ba a gano ciwon sai sun yi aure sun ɗauki ciki zuciyar ta kasa. Ita wannan ƙwayar takan taɓa ƙoda ma, alamarsa kumburin fuska da safe da fitsari mai launin baƙin shayi.

Rigakafin wannan ciwon gaɓoɓi da zuciya mai sauƙi ne kuma mai araha: fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cur, bisa awon da likita ya rubuta, ko allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya. Kwana goman nan ba a rage su don yaro ya warware ya koma wasa. Kuma ba sai an fita da tsakar dare ba, domin maganin da aka fara a cikin kwana tara na farkon ciwon yana kare zuciya, amma kada a wuce kwana ɗaya ko biyu ana jira.

Alamomin da ba a kwana da su

Ke da kike Kano ba sai na ba ki labarin mashaƙo ba, cutar da ta ɓarke tun ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a Kano, ta taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauci, ta kuma bayyana a yankin Damagaram a Nijar. Ita ma da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi take farawa, shi ya sa take yaudarar iyaye. Bambancinta shi ne wata fata mai kauri, launin toka, da ke shimfiɗe a kan tonsil da bayan maƙogwaro, a manne, wadda idan aka yi ƙoƙarin kankarewa sai ta yi jini, ga wuya ya kumbura ya yi kauri, yaron ya yi laushi fiye da yadda zazzaɓinsa ya nuna. Wanda ya ga haka kada ya taɓa, kada ya tsaya ruwan gishiri, ya nufi asibiti a ranar, domin akwai maganin karya gubar cutar da ba a samun sa a kemis, kuma gubar tana kama zuciya da jijiyoyi. Allurar Penta da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14 ita ce kariyarta, saboda haka ki duba katin rigakafin yaranki huɗu, wanda bai cika ba ki kai shi a cike masa ko ya girma.

Haka nan, babba ne ko yaro, a tafi asibiti nan take idan numfashi yana wahala ko yana fita da ƙara, ko yawu yana dalala saboda an kasa haɗiyewa, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, ko ciwon ya tare a gefe ɗaya murya ta koma kamar an cusa dankali mai zafi a baki, wanda yakan nuna ƙurji ya tara mugunya a bayan tonsil. Yaron da ke zaune ya miƙa wuya gaba yana dalalar da yawu yana jan numfashi, kada a danna masa harshe da cokali don a leƙa, a ɗauke shi a zaune yadda yake. Mai sikila, da mai ciwon suga, da mai shan maganin maƙoƙo da ake kira kabimazol, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a wurinsu na ganin likita ne a ranar. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da kasala mai tsanani, musamman da rani, yana sa mu tuna da zazzaɓin Lassa. Ciwon da ya wuce mako ɗaya bai sassauta ba, ko dishewar muryar da ta haura mako uku, musamman ga mai shan taba ko mai tari yana ramewa, shi ma a je a duba.

Belu

Kakar yaron ba da mugun nufi ta faɗa ba, abin da ta taso ta tarar ke nan, kuma har yau a ƙasar Hausa, Najeriya da Nijar, ana kai jarirai da manya wurin wanzami a cire belu. Amma belu ba ciwo ba ne, halitta ce da Allah ya yi wa kowa, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Idan maƙogwaro ya kumbura shi ma yakan kumbura ya yi ja ya sauko, sai a gan shi a ɗora masa laifi, alhali da ciwon ya tafi yake komawa yadda yake. Cire shi ba ya hana mura, ba ya hana sitiref, tunda tonsil da sauran maƙogwaron suna nan. Abin da kan biyo bayan yankan kuwa mun sha karɓarsa a ɗakin gaggawa: zubar jinin da yaro ke haɗiyewa ba a sani ba sai ya yi fari fat, da ruɓewar wurin, da sandarewar jiki ta tetanus, ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau idan ƙarfe ɗaya aka yi wa mutane da yawa aiki da shi. Yanka maƙogwaron da ke ɗauke da mashaƙo kuwa ya fi kowanne muni.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba suruka ta ce wa uwar miji a'a. Shawarata ita ce ki fara fahimtar da mahaifin yaron, sannan ranar zuwa asibiti ku tafi da ita kakar, a girmama ta, a nemi likita ya haska mata bakin jikanta ta gani da idonta. Na sha yin haka, nakan haska bakin uwar ma in nuna wa kakar cewa ga irinsa nan a bakin mai lafiya, kuma sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

Ban ga ɗanki ba, ban leƙa maƙogwaronsa ba, saboda haka ba zan ce miki ciwon da ya yi sau uku sitiref ne ko mura ba. Sau uku a hunturu ɗaya ga ɗan firamare ba abin mamaki ba ne, kuma bai kai a yi maganar tiyatar cire tonsil ba, wadda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sukan duba idan ciwon ya kai sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya fara, da ko akwai zazzaɓi, da ko akwai tari, da sunan maganin da aka ba shi da kwanakin da ya sha. Tunda an riga an yi masa jinyar kwana uku-uku har sau uku, ki kai shi a saurari ƙirjinsa ko da yanzu lafiyarsa ƙalau, ki faɗa wa likitan ko ya taɓa kukan ciwon gwiwa ko haki wajen wasa, ki kuma tafi da katin rigakafinsa da ragowar kafson da ke gidan.